Tsingaron Tulun Jiratawa

Mariyama, Laminu, da ke auta Zali, tun kuna ƙanana kuke ganin wani tsingaro a cikin akwatina, naɗe da farin ƙyalle kusa da takardun gida. Kun sha tambaya, ina ce maku sai kun girma. To, kun girma har kun fara tsara labarin da kanku. Na ji Laminu yana gaya ma matarsa wai laƙanin tsari ne daga haɗarin mota. Mariyama kuma ta ɗauka Baba Yohanna na Tibiri, wanda kuke kai ma cinyar rago kowace Layya, wani danginmu ne na nesa. Duk ba haka ba ne. Uwarku ma in ta tashi ba da labarin sai ta wanke ni tas, ta mai da ni waliyyi. Bari in faɗe shi yadda ya faru tun ina da sauran tunani.

Ni mutum ne da littattafan soyayya suka raina. Ina saurayi, ina tuƙa motar wani a tashar Jiratawa, duk wanda ya dawo daga Kano sai na tambaye shi ko ya zo da sabo. A cikinsu na koyi yadda ake kallon wata, da yadda namiji ke magana in zuciyarsa ta cika. Ranar da na fara ganin Dije, uwarku, tana tafe a bakin hanya ne da tuluna biyu a ka, ɗaure cikin raga, za ta kai ma uwarta kasuwar Maraɗi. Rana ta fito ta bayanta, wuyanta a miƙe, ko girgiza ba ta yi. Na tsaya na ɗauke ta kyauta, fasinjoji suna ta tsokanata. Kafin mu shiga gari na riga na gama magana da kaina. Bayan an ɗaura aure na ce mata, in Allah ya ba ni motar kaina, ita da ɗaukar tulu a ka har abada. Ta yi dariya ta ce, "Malam, wannan a wane littahi ka gani?" Shekara shida ina tari kafin in sayi wata mota 'yar Kwatano fara, tsohuwa amma mai lafiya. Na sa mai fenti ya rubuta Alkawari a gilashin baya. Tun daga ranar, duk tulu da randar da kakarku ta gasa, a motata suke shiga gari, Dije na zaune a gaba kamar matar gwamna.

A shekarar da Laminu ya fara tafiya, wata Litinin da hantsi, mun taso daga Jiratawa da kaya maƙil: tuluna a but, tuluna a kujerar baya an cusa masu ƙaiƙayi, randuna biyu a bisa rufi. Ba mu yi nisa ba sai ga wata motar kaya mai buɗaɗɗen baya, irin wadda muke ce ma bashe, ta taho daga Maraɗi. A gabanta akwai amalanken shanu. Direban ya fito don ya wuce amalanken, ya shigo hannuna gaba ɗaya. Na kauce har tayata ta taɓa ƙasa, amma ina. Abin da na fi tunawa ba ƙarar ƙarfe ba ne, ƙarar tuluna ne, suna fashewa ɗaya bayan ɗaya kamar ana zubar da kwanoni daga sama. Da komai ya lafa na juya na dubi Dije. Jar ƙasa ta rufe mata kallabi da gira, idonta biyu a buɗe, tana salati. Ko ƙwarzane babu a jikinta. Ban taɓa ganin abin da ya kai wannan fuskar kyau ba, kafin ranar da bayanta.

Nan da nan mutane suka cika wurin: masu aikin lambu da laka a ƙafa, 'yan kabu-kabu, mata masu tallar zogala. Kun san mutanenmu. Ba wanda ya tambaye ni, sai na ga maza goma sun sa kafaɗa sun ture motata daga kan kwalta zuwa inuwar wata bishiya, wai kar ta tare hanya, kar kuma rana ta buge ta. Wasu suka ture bashen ita ma. Direbanta siriri ne, ya girme ni da kamar shekara goma. Ya zo ya durƙusa a gabana.

"Laihina ne," ya ce. "Ni na shigo maka."

Wani dattijo mai carbi ya dafa kafaɗata. "Ɗana, tunda rai ya tsira, ƙarhe ai abin banza ne. A yi haƙuri."

Jama'a suka amsa, a yi haƙuri, a yi haƙuri. Na dubi mutumin a durƙushe, na dubi taron, na ga Dije tana kallona. Sai na ji kamar an buɗe littafi an sa ni a tsakiyar shafi. Na kama hannunsa na tashe shi, na ce da murya irin ta jarumai, "Tashi ka tahi, bawan Allah. Na yahe maka duniya da lahira."

Wurin ya ɗauki addu'a. Direban ya buɗe baki zai ƙara magana, mutane suka tura shi cikin motarsa, suna ce masa ya gode ma Allah. Fitila ɗaya kawai ya rasa. Ban tambayi sunansa ba, ban dubi lambar motar ba. A ganina, wanda ya yafe kuma ya tsaya rubuta lamba, ya ɓata yafiyarsa. Sai da ƙurarsa ta ɓace Dije ta matso kusa da ni, ta yi ƙasa da murya.

"Malam, tulunan ma ka yahe? Na Inna ne hwa."

Aka jawo motar zuwa garejin wani abokina a Sabon Gari. Ya shiga ƙarƙashinta ya daɗe, ya fito yana goge hannu, ya ce ƙashin motar ya lanƙwashe, gyaranta ya kusa rabin kuɗin wata. Na yi murmushi na ce kar ya damu, ina da asiransi, abin da mutanen Najeriya ke ce ma inshora. Duk shekara nake biya, ban taɓa fashi ba. A tunanina wani babban gida ne mai tausayi, wanda in masifa ta same ka sai ka je ka yi sallama. Washegari na sa babbar riga na tafi biro ɗinsu, wato ofishinsu. Wata mata mai tabarau, Madam Ramatu, ta saurare ni har na gama. Na ba da labarin da kyau, har da maganar duniya da lahira.

"Ina konsta?" ta ce.

"Mi ke nan?"

"Takardar jandarma. Su zo su iske motocin inda sunka tsaya, su auna, su zana, su rubuta wa ke da laihi. Wa ya ɗauke motarka daga kan hanya?"

"Jama'a."

"Lambar waccan motar hwa?"

"Ban ɗauka ba."

"Sunan direban?"

"Shi ma ban tambaya ba." Ta cire tabarau ta aje a kan tebur, ta yi mani bayani a hankali kamar ana koya ma yaro karatu. Takardar da nake biya, ta ce, ɓarnar da na yi ma wani take ɗauka. Ɓarnar da aka yi mani, asiransin wanda ya buge ni ne zai biya. Ga shi ba mutum, ba lamba, ba konsta.

"Malam, Allah shi ba ka ladar yahiyarka," ta ce. "Amma mu nan ba mu da inda muke rubuta ta."

Uwarku ba ta yi mani faɗa ba. Da ta yi, da na fi samun sauƙi. Ta ci gaba da kawo mani tuwo, tana ce mani sannu. Ranar Juma'a da safe ta ce za ta je gida Jiratawa. Ni kuma ina yawo a bakin kasuwa wajen azahar, ba aiki, sai na hango ta cikin cunkoso da tuluna biyu a ka cikin raga, goye da Laminu, wuyan nan a miƙe kamar ranar farko. Kakarku na da sauran kaya a gida, kuma dole a ci abinci. Na laɓe bayan wata rumfar masu atamfa har ta wuce. A nan na gane abin da na yafe a bakin hanya. Ba nawa ba ne ni kaɗai.

Yanzu ga wurin da uwarku ke tsallakewa. A ƙofar biro ɗin akwai wani mutum da ke zama ƙarƙashin itace, ba ma'aikacinsu ba ne, ana ce masa Mai Hanya. Ya ga fitata ranar farko, ya ga komawata ta biyu, sai ya kira ni gefe. Ya ce abin mai sauƙi ne. Za a ja motata zuwa wata hanya da ba mutane, a kawo wata motar mai asiransi mai kyau wadda mai ita ya yarda, a jera su kamar yanzu abin ya faru, a kira jandarma. In kuɗi sun fito a raba. Na ce ai ƙarya ce. Ya ce, "An buge ka ko ba a buge ka ba? To ina ƙaryar?" Na koma gida ina juya maganar, ina ganin tulunan nan biyu a kan uwarku. Ranar Litinin na koma na ce masa na yarda. Muka sa Alhamis. Ku rubuta wannan a zuciyarku: ubanku ya yarda, ba wanda ya tilasta shi.

Ranar Laraba bayan la'asar, ina zaune a zauren gidan da muke haya a unguwar Zariya cikin Maraɗi, sai na ji sallamar kakarku. Na miƙe da sauri, don ita ba ta taka gidan suruki sai da babban dalili. Ta shigo, bayanta wani siririn mutum ya cire takalmi tun daga waje. Sai da ya ɗago kai na gane shi.

"Ga baƙonka na kawo maka," kakarku ta ce. "Kwana biyu yana wahal da matan Jiratawa."

Ya gaishe ni, ya ce sunansa Yohanna, gidansa Tibiri, direban wani Alhaji ne mai safarar zogala. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da tsingaron nan da kuka sani, ya aje a kan tabarma tsakaninmu. Ya ce ranar da abin ya faru, da ya koma yana wanke mota, ya same shi a maƙale cikin ramin fitilar da ta fashe. Ya ɗaga zai jefar, hannunsa ya ƙi. Ya sa shi a aljihu. Mai motar kuwa, Yohanna ya ce masa dutse ne ya fasa fitila, don Alhajin ya sha faɗa cewa duk direban da ya jawo masa jandarma ya aje makulli. Ranar Lahadi a majami'a, da aka zo baiko, ya sa hannu a aljihu zai ciro kuɗi, tsingaron ya yanke masa yatsa. Ya zauna yana kallon jinin har aka tashi. Bai san sunana ba, bai san unguwata ba, abin da ke hannunsa ke nan. Sai ya hau kabu-kabu ya tafi Jiratawa, yana bi gida-gida wurin masu ginin tukwane, yana nuna masu. Wannan ta juya shi ta ce ba hannunta ba ne, bakin tulunta ya fi haka kauri. Waccan ta ce a gwada gidan gaba. Sai rana ta biyu wata tsohuwa ta kai shi kusa da ido, ta ga 'yan ramuka uku a jere ƙarƙashin wuyan, ta ce wannan ƙwallon dabino ne aka danna sau uku, a duk garin mace ɗaya ke yin haka. Ta sa aka raka shi har ƙofar kakarku.

Ina sauraro, ina kallon tsingaron. Tulu nawa suka fashe a wurin nan, tsingaro dubu nawa, amma wanda ya shiga motarsa sai wanda ke ɗauke da alamar. Na karanta littattafai da yawa da ake haɗa masoya ta hanyar zobe ko wasiƙa, ban taɓa karanta wanda ya kai wannan ba.

Ya fito da takardu cikin leda: permi ɗinsa na tuƙi, da takardar motar, da ta asiransi.

"Ai na yahe maka," na ce. Muryata ta fito 'yar ƙarama.

"Kai ka yahe," ya ce. "Inna ban tambaye ta ba."

"Ni dai ba wanda ya shawarce ni," kakarku ta ce. "Wata guda ina gini, suruki ya yi kyauta da shi a tsaye."

Dije ta yi dariya daga bayan labule, dariyar farko tun ranar haɗarin. Na tambayi Yohanna, in aka kai takardun nan, aikinsa fa? Ya ce ya riga ya gaya ma Alhaji gaskiya. Alhajin ya ba shi takardun, don ba daga aljihunsa za a biya ba, sannan ya amshi makullinsa. 'Ya'yansa biyar a lokacin. Ya faɗi haka yana gyara bakin tabarma da yatsan da ya yanke, kamar maganar wani yake yi.

Ranar Alhamis, ranar da Mai Hanya ke jirana, muna ofishin jandarma. Ajidan ɗin da muka samu, babban jandarman wurin, ya wanke mu duka biyu. Kwana goma, ya ce, an ture motoci, iska ta share sawu, mi zai auna? Yohanna yana cewa shi ya shigo hannuna, ni kuma kunya ta sa ina cewa ai amalanken ma da laifinsa. Ajidan ya dube mu ya ce a wurinsa kowa ture laifi yake yi, mu mun zo muna ƙwace. Ya ce mu je wurin dai ya gani, kar a ce bai je ba. Muka tafi har da Dije. Ni da kaina ban yi zaton za a ga komai ba. Muna isa sai ga shi a kan kwalta: tayoyin motoci sun niƙe tsingarayen kwana goma, jar ƙasar ta shige cikin baƙin kwalta ta zama wani dogon tabo, kamar an shimfiɗa jan zane. Daga inda ya fara har inda ya ƙare, duk a hannuna yake, ko taki ɗaya bai ƙetare tsakiya ba. Ajidan ya bi tabon da ƙafa har ƙarshensa. Dije ta duƙa a gefen hanya ta tsinto gutsattsarin gilashin fitila cikin yashi, Ajidan ya kara su da bayanin Yohanna. Sai ya aika a ɗauko igiyar awo. Ina tsaye ina kallon jandarma yana auna ƙasar Jiratawa da kakarku ta kwaɓa da ƙafarta, yana rubutawa a takardar gwamnati. Ban san lokacin da hawaye suka zubo mani ba.

Kar ku ɗauka daga nan komai ya zo da sauƙi. Madam Ramatu ta karɓi dosiye, wato tarin takardunmu, ta ce an makara, sai an rubuta takardar neman uzuri. Aka rubuta. Aka turo wani mai duba ɓarna, eksper, ya zo gareji ya ɗauki hoto ta ko'ina, ya rage abin da abokina ya ƙiyasta. Kamfanin waccan motar ya ce a kawo wannan, a sake kawo wancan. Duk ranar da aka ce a zo, sai in iske Yohanna ya riga ni, ya taho daga Tibiri da ƙafarsa ko a bayan motar gawayi, yana zaune a benci da hularsa a gwiwa. Mai Hanya yakan bi mu da kallo daga ƙarƙashin itacensa, ni kuwa in sunkuyar da kai. Tulunan ba a biya ba, wai ba su da rasi, takardar shaidar kuɗinsu. Da aka gaya ma kakarku ta ce, "Ku ce masu ƙwallon dabino ne rasina, shi ma ya kawo masu mai laihi." Damina ta zo ta wuce, uwarku na ɗaukar kaya a ka duk Litinin da Juma'a, sai bayan an yanke gero kuɗin suka fito. Ba su isa ba, abokina ya yafe ladar hannunsa, aka ta da motar. Gilashin baya bai fashe ba, rubutun na nan yadda yake.

Ranar da na kawo ta ƙofar gida, Dije ta zagaya ta sau ɗaya, ta shafa gefen da aka buga, sannan ta ce, "Malam, Juma'a ranar kasuwa ce, kai kuma kana aje mota ka tahi masallaci. Akwai wanda ba shi da Juma'a, kuma ba shi da makulli." Ni mai karatun littafi ban yi wannan tunanin ba, ita ta yi. Washegari muka tafi Tibiri muka iske shi yana ɗaure damin gero. Haka Yohanna ya fara tuƙa Alkawari ranar Juma'a, ni in riƙe Lahadi, daga baya muka raba mako. Shekaru muna haka har motar ta tsufa a hannunmu, kuma bai ƙara wuce amalanke ba sai ya leƙa sau uku. Uwarku kuwa tun daga ranar tulu bai sake hawa kanta ba.

Abin da nake so ku ɗauka ga shi. In Allah ya kawo tsautsayi aka buge ku, ku bar motar inda ta tsaya ko da duk garin sun sa kafaɗa, ku rubuta lamba, ku kira hukuma, sannan ku yafe abin da yake naku. Cinyar Tibiri kar ta yanke ko bayan raina. Tsingaron kuma ku bar shi a ƙyallensa. Ba ya tsare kowa daga haɗari. Ni dai ya tsare ni daga ranar Alhamis, kuma har yau ban san abin da zan yi ba da ya makara da kwana ɗaya.

Sai bara, da na je duba shi yana jinyar ƙafa, na gaya ma Yohanna labarin Mai Hanya. Ya saurara har na gama. Sannan na tambaye shi abin da ya daɗe yana cina: mutum an sallame shi a gaban jama'a, ba wanda ya san shi, mi ya dawo da shi har ya rasa aikinsa? Ya gyara kwanciya, ya yi 'yar dariya.

"Ka ce ka yahe mani duniya da lahira, ko sunana ba ka sani ba," ya ce. "Na ce to, in an je can anka tambaye ka wa ka yahe ma, mi za ka ce? Shi ne na zo in hwaɗa maka sunana."